Yadda Ake Shirya Fim Ɗin 'Yan Kwana-Kwana a Gaya da Ajingi: Shawara Kyauta Ga Malam Darakta

Kannywood ba ta bar kowa ya sha ruwa ba. An yi fim a kan kishiya har kishiyoyin da kansu suka gaji. Kwana Casa'in ya yi wa 'yan siyasa wankin babban bargo, Daɗin Kowa ya leƙa kowane zaure, Labarina da Izzar So sun sa tuwo ya ƙone a gidaje da dama. Amma ɗan kwana-kwana, bawan Allah, har yanzu yana tsaye a bayan layi da hular kwanonsa, yana jiran ranar da za a kira shi jarumi.

A wasu ƙasashen kuwa da shi ake cin abinci. Amurkawa sun fara haska Chicago Fire tun 2012, suka ƙaro 9-1-1 da Station 19 a 2018. Kafin su, mutanen Ingila sun kalli London's Burning daga 1988 har zuwa 2002. Zubinsu duk ɗaya ne: ƙararrawa ta kaɗa, samari su sulmiyo ta jikin sandar ƙarfe, jar mota ta fita da jiniya, a fito da jariri daga hayaƙi, a koma ofis a ci gaba da soyayya.

To Malam Darakta, idan ka yi niyyar yin namu, kada ka tsaya a cikin birni. Ɗauki kyamararka ka tsallake gadar Wudil, ka nufi Gaya da Ajingi. Tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka je dutsen Dala neman tama tun Kano ba ta zama Kano ba. Mutanen da suka daɗe haka suna hulɗa da wuta sun cancanci a fara da su. Ga shawarwari, ba sai ka biya ba.

Na ɗaya: ka jira hunturu

Kada ka ɓata kuɗinka wajen ɗaukar marubuci. Daga Disamba zuwa Fabrairu labari da kansa yake rubuta kansa. An gama kaka, rumbuna sun cika, an jibge karan dawa da harawa a kan soro da jikin danga, iska ta busar da komai ƙayau. A ɗaki na farko uwar gida ta shigar da kaskon garwashi don yara su ji ɗumi, barci ya kwashe ta. A na biyu an kunna maganin sauro a gefen katifa. A na uku an tsoma hita a bokitin roba aka ɗauke wuta, aka manta da ita, masu lantarki suka dawo da abarsu ƙarfe biyun dare ba sallama. A na huɗu ɗan bumburutu ya tura jarkokin fetur ƙarƙashin gado, saboda a ganinsa ɓarawo ya fi wuta haɗari. A bayan gari kuma yara sun cinna wa ciyawa wuta don su kama gafiya ɗaya.

Idan wani ya ce maka waɗannan sanadai sun yi ƙauyanci, ka tuna masa gobarar da ta cinye birnin Shikago a 1871, wadda ta kashe mutum kusan 300 ta bar wajen 100,000 ba muhalli. Shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan wata saniya da aka ce ta ture fitila a garke. Sai a 1997 majalisar birnin ta wanke mai saniyar. Idan saniya ta samu shiga tarihin Amurka, akuyar Kademi ta ƙasar Gaya ma tana da haƙƙin fitowa a fim.

Na biyu: ka manta da ƙararrawa

A fim ɗin Turawa akwai wata mata mai sanyin murya a gaban kwamfuta, tana tambayar mai kira abin da ya faru. Kai taka ƙararrawar ita ce salatin mata da ihun "Gobara! Jama'a a kawo ɗauki!" Idan abin ya girma, ladan ya kunna lasifikar masallaci.

Ka ware minti goma cur don neman lambar waya. Mutum ɗari ne a wurin, kowa da waya a hannu, hamsin suna ɗaukar bidiyo don sakawa a Facebook da TikTok, amma babu mai lambar 'yan kwana-kwana. Wani zai ce ƙanin matarsa ya san wani da ya taɓa aiki a can. Wani zai ce ba shi da kati. Sai can wani ɗan sakandare ya tuna cewa akwai 112, lambar gaggawa ta ƙasa da ake kira kyauta, dattawa su ce masa ya yi wa mutane shiru manya na magana. Ka tabbata ba a yi kiran ba sai rufin ɗaki ya rufta. Masu kallo za su ce wallahi wannan darakta ya san gari.

Na uku: ka ci ribar hanya

Ƙa'idar da masana kashe gobara na Amurka suka gindaya wa birane ita ce motar farko ta isa wurin cikin minti 4 da barin ofis. Shi ya sa daraktocinsu suke shan wahalar neman abin da za su cike lokaci da shi. Kai Allah ya hutar da kai. Sanya gobarar a wani ƙauyen Ajingi a ɓangaren Toranke ko Kunkurawa ko Gafasa, ka ga tafiyar mota kaɗai ta ba ka fitowa uku.

A fitowa ta farko mota ta bar kwalta ta hau burji, ta bar burji ta faɗa yashi. A ta biyu ta ci karo da garken shanu, da amalanke mai ɗauke da taki, da direban da ya ji jiniya ya ɗauka ɗan siyasa ne don haka ya rantse ba zai kauce ba. A ta uku ake neman gidan. Kwatancen da aka ba su shi ne: "In kun wuce tsamiya ku karya dama, gidan da ke kallon na mai unguwa." Tsamiyar kuwa an sare ta bara an yi gawayi. Da suka iso bakin lungun sai suka tarar kowane mai gida ya ɗan ci hanya: wannan ya fito da dakali, wancan ya ƙara shago, na gaba ya haƙa masai a waje. Lungun da aka yanka don jaki da mangala ba zai karɓi motar kashe gobara ba, ko da jiniyarta ta kai Dutse.

Na huɗu: ruwa shi ne ainihin mugun fim ɗin

Kowane fim yana buƙatar mugu. Kada ka wahalar da kanka neman mai jan ido, rashin ruwa ya ishe ka. A Shikago akwai famfon kashe gobara a bakin tituna, sai dai a ɗaura tiyo a murɗa. A nan abin da mota ta ɗauko a cikinta shi ne jarinta. Lita dubu kaɗan ne, kuma idan aka buɗe tiyo da ƙarfi cikin 'yan mintuna ya ƙare.

A daidai nan za ka sa wani mai babbar riga ya ɗaga murya ya faɗi jumlar da duk ƙasar Hausa ta haddace: "Ai dama ba su zo da ruwa ba!" Kada ka bar ɗan kwana-kwana ya yi bayani, bayani yana kashe fim. Bar shi ya juya mota neman inda zai sake cikawa, ya tarar kududdufi ya ƙafe, rijiyar burtsatse kuma injinta ya lalace tun zaɓen da ya wuce. Su kuma 'yan ga-ruwa ka ba su matsayin rundunar ko-ta-kwana, su iso a guje da kurarsu, jarka mai lita 25 tana bin 'yar'uwarta. Ko a ranar farashin jarka zai tashi ko ba zai tashi ba, wannan ya rage tsakaninka da tsoron Allah.

Na biyar: zaɓen 'yan wasa

Jarumin Turawa ƙato ne mai faffaɗan ƙirji. Naka jarumin maƙwabci ne mai singileti da bokitin wanka, wanda ya haura katanga tun kafin a san lambar da za a kira. Shi ya fito da yaran, shi ya ɓalle dangar da ke tsakanin gida biyu don wuta ta rasa abin ci, shi ya tuna a kashe lantarkin gidan kafin a watsa ruwa. Kada ka ba shi dogon jawabi. Irinsu ba sa magana, kuma da an gama ba a tuna sunansu.

Sauran gurabe kuwa ba sai ka yi gwaji ba, suna nan a kowace unguwa. Akwai Sarkin Umarni, wanda hannunsa ke goye a baya yana cewa a zuba ta can. Akwai Mai Taimakon Kwashe Kaya, wanda ya fita da talabijin don ya tsirar da ita, kuma ya tsirar da ita ƙwarai, domin har yau ba a sake ganinta ba. Akwai Gwanin Bincike, wanda tun wuta na ci ya gano cewa aikin kishiya ne ko na mutanen ɓoye, alhali waya ce aka yi wa ɗaurin talala da leda. Akwai jikan maƙera da zai ce wuta ba ta cin zuriyarsu. Ka bar shi ya faɗa, amma ka sa mutum biyu su riƙe shi. Sai kuma wanda zai kwarara ruwa a kan fetur ko man gyaɗan da ya kama, wutar ta bi ruwan ta mamaye tsakar gida. Wannan ka haska fuskarsa da kyau, sannan ka sa wata tsohuwa ta ture shi ta zuba ƙasa, ko ta kife murfi a kan kaskon. Masu kallo za su yi dariya, kuma za su koyi abin da ba a koya musu a makaranta ba.

Kar ka manta da ladabi. Ko da harshen wuta ya kai sama, jami'inka zai tsaya a zaure ya ce, "Salamu alaikum, masu gida a gafara, maza za su shigo." Daga ciki Hajiya ta amsa, "Ɗan dakata, ɗan nan, in nemo mayafi."

Na shida: soyayya da waƙa

Furodusa zai ce fim ba ya sayuwa sai da waƙa. To a yi, amma a tuna Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano tana kallo. Jarumi ya tsaya a wannan gefen motar, jaruma a wancan, tiyo a tsakaninsu a matsayin shamaki. Rikicin kuma a sauƙaƙe yake: uban yarinya ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da kowa ke gudu daga wuri shi yana shiga ba.

Na bakwai: fitowar rijiya

A nan ka rage raha. Duk mai bin rahotannin da Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano ke fitarwa ya san aikinta bai tsaya a wuta ba. Akwai ciro mutane da dabbobi daga rijiya da kududdufi, akwai haɗarin mota, har da kiran ƙarya na marasa aikin yi. Labarin rijiya kusan kullum iri ɗaya ne. Guga ko akuya ta faɗa, mai gida ya shiga, aka ji shiru. Ƙaninsa ya bi shi, aka ji shiru. Na uku ya bi. Ba aljani ba ne: tsohuwar rijiya ko ramin masai kan tara gurɓatacciyar iska a ƙasa, mutum ya suma kafin ya iya kiran kowa. Ka sa jaruminka ya tare bakin rijiyar ya hana kowa shiga sai masu kayan aiki sun zo, ko da za a zage shi da rashin imani.

Na takwas: fitowar da babu dariya a cikinta

Daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar fetur ta faɗi a garin Majiya, ƙaramar hukumar Taura, a maƙwabciyarmu Jigawa. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Idan fim ɗinka ya sa yaro ɗaya ya ga tanka a kwance ya juya da gudu maimakon ya koma gida ɗauko jarka, ka ci ribar da ta fi ta kasuwa.

Na tara: yadda ake rufe zango

Bature yana rufewa da tafi da lambar yabo. Kai za ka rufe da tsakuwa. Mutanen da suka yi jinkirin kira, suka toshe lungu, suka ƙi kauce wa jiniya, su ne za su tarbi mota da jifa don ta makara. Gilashi ya fashe, mota ta tafi gareji, garin da wuta za ta tashi gobe ya rasa mai zuwa. Washegari a shimfiɗa tabarma ana "Allah ya mayar da alheri", manya su zo da buhun shinkafa da bandir ɗin kwano da mai ɗaukar hoto, a kafa kwamiti. Kada ka damu da zango na biyu. Kasuwar Singa da ta Sabon Gari duk sun ƙone a farkon 2016, dubban shaguna suka tafi, kuma ba daga nan gobarar kasuwa ta daina ziyartar Kano ba. Matuƙar hali bai canja ba, labari ba zai yanke maka ba.

Kafin Malam Darakta ya samu mai zuba jari, mu 'yan kallo muna iya rage masa kasuwa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A zare hita da dutsen guga da zarar an ɗauke wuta. A fitar da garwashi kafin a kwanta, a raba fetur da ɗakin barci, a nisanta kara da murhu, a yi wa rijiya murfi. Shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da masu unguwanni su tanadi wuraren da mota za ta ɗebi ruwa, su hana cin hanya. Kai kuma mai karatu, nemi lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da kai ka adana a wayarka yau, kuma ranar da ka ji jiniya a bayanka, don Allah ka kauce.