Gudu a Bayan Tirela

Masu kuɗin Dubai ba sa gajiya da gardama: Porsche 911 GT3 RS ce gaba, ko Turbo S? Ta farkon an ƙera ta ne don filin tsere irin Dubai Autodrome, mai tsawon kilomita 5.39. Ta biyun ta fi daɗin zama a titi. Sai dai a Dubai Investments Park, unguwar masana'antu da rumbunan kaya, duk bayan tirela suke bi, suna lallaɓa tudun rage gudu kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Wanda ya samu sarari ya taka wuta kuwa, kyamara na jiransa da tara. Kada ma ya fara tunanin tserewa, don 'yan sandan Dubai har Bugatti Veyron gare su.