Jinjina Ga Tsarin Da Ke Haifar Malamai Cikin Dare Ɗaya

Allah ya ja zamanin tsarin horar da likitocinmu, gagara-gyara, uban masu haƙuri, mai naɗa mutum malami ba tare da an ɓata ko guntun alli ba! A wasu ƙasashe, saboda ƙarancin basira, sai an zaunar da likita mai neman ƙwarewa an koya masa yadda ake koyarwa, yadda zai ja ɗalibi da tambaya, yadda zai gyara masa kuskure bai karya masa gwiwa ba. Mu kam Allah ya hutar da mu. Ranar da aka ɗauki likitanmu aiki, ranar ake tura masa ɗalibai a ce ga su nan.

Je ka ga ikon Allah da safe wajen zagayen duba marasa lafiya. Likitan ya kwana a tsaye, ido ja wur, ko ruwan shayi bai kurɓa ba. Babban likita kuwa, ransa ya daɗe, yana can asibitinsa na kuɗi, don kada inuwarsa ta tauye na ƙasa. Ɗalibi ya yi tambaya, sai a daka masa tsawa gaban majiyyaci da 'yan jinya: "Wa ma ya ba ka gurbin karatun likita?" Shi ke nan, ilimi ya shiga. Daga ranar ba zai ƙara tambaya ba, alamar ya gama fahimta. In ya girma shi ma zai isar da wannan gado ga na baya, ba ragi ba ƙari.

Karimcin tsarin bai tsaya a gida ba. A shekarar 2019 Ministan Ƙwadago Chris Ngige ya yi mana albishir cewa likitoci sun yi mana yawa. A watan Agustan 2021, ana tsakiyar yajin aikin likitoci masu neman ƙwarewa, masu ɗaukar wa Saudiyya ma'aikata suka zauna a wani otal a Abuja, likitocinmu suka yi layi. Talakan Kano da na Sakkwato suka horar, mazaunin unguwar Bani Malik a Jidda ya mora. Wace sadaka ce ta kai wannan lada?

Don haka muna roƙon mahukunta, don girman Allah, kada a taɓa wannan tsari. Wanda duk ya kawo shawarar a koya wa likita koyarwa, ko a bar shi ya yi barci kafin ya shiga aji, a yi masa nasiha.