Alhaji Zai Hau Shafin Farko

Wata sana'a ta ɓulla a Samaru wadda ba ta buƙatar hayar shago ko man janareta. Jarinta kwamfutar tafi-da-gidanka mai tsagaggen gilashi, da jakar goyo, da zaƙin baki. Masu ita galibi 'yan aji uku ne ko huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello, ko waɗanda suka gama suna jiran kiran bautar ƙasa. Da an tashi lacca sai su tari bas a bakin babbar ƙofa, su wuce Kwangila, su sauka Sabon Gari, su bi kasuwa layi-layi suna raba albishir: "Alhaji, zan ɗora ka a shafin farko na Google."

Alhaji kuwa, wanda ya shekara talatin yana sayar da atamfa da shadda Google bai taɓa taya masa ko yadi ɗaya ba, sai ya gyara zama. Ba wai ya gane ba ne. Ya dai ji an ce an riga an ɗora maƙwabcinsa mai takalma.

Laƙanin da yaron ke sayarwa shi ne ɗan taƙaitaccen bayanin shafi, wato layuka biyun nan da ke fitowa ƙarƙashin shuɗin kanu idan ka nemi abu a Google. Wurin ƙunci ne: da rubutu ya kai harafi 155 zuwa 160 sai a datse shi, a liƙa masa ɗigo uku. Yaron zai rantse cewa waɗannan layuka ne ke ɗaga shafi sama. Abin da ba zai faɗa ba, tun shekarar 2009, lokacin shi yana saɓa allo zuwa makarantar malam, Google ya fito fili ya ce ba ya duba wannan bayani wajen jera wane ne na ɗaya wane ne na goma. Wani bincike da kamfanin Ahrefs ya yi a 2020 ma ya gano cewa a kusan kashi 63 cikin ɗari, Google kan ajiye abin da mai shafi ya rubuta, ya tsinto wata jimla daga cikin shafin da yake ganin ta fi dacewa da tambayar mai nema.

To, banza ne ke nan? A'a. Bayanin nan kamar yaron shago ne da ke tsaye a ƙofa: ba shi ya zaɓa maka layin da ka samu a kasuwa ba, amma shi ke sa mai wucewa ya shigo ko ya yi gaba. Kuma idan an tura adireshin shafin a zauren WhatsApp na 'yan uwa ko na tsofaffin ɗalibai, sau da yawa shi ne rubutun da ke leƙowa ƙarƙashin hoto. Mu da rabin cinikinmu a WhatsApp yake, ai wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalar daga wajenmu take. Ba Bahaushe fili ya faɗi abin da yake sayarwa, sai ya yi wa kansa kirari. Bi titin Samaru ka karanta allunan shaguna: mai injin fotokwafi guda ɗaya, shi ma sai an buge shi a gefe yake tashi, sunansa ya haɗa da Gulobal da Intanashinal. Wannan halin muka kwasa ɗungurungum muka kai intanet.

"Rubuta," in ji Alhaji. "Gagara gasa, na ɗaya a Afirka ta Yamma, uban dillalan shadda, wanda..."

"Alhaji, wurin fa kaɗan ne. Ko mu sa lambar shago da layi?"

"Kai yaro, akwai wanda bai san ni ba a Sabon Gari?"

"To farashi fa, ranka ya daɗe?"

"Farashi? So kake maƙwabta su gani su karya ni? Wanda yake so ya zo mu daidaita."

Haka za a yi ta ja har haruffa su ƙare a tsakiyar "Intana...". Ita kuwa baiwar Allah da ke zaune a Hayin Dogo tana neman atamfar anko turmi ashirin kafin Asabar, abu uku take son sani: akwai kayan, nawa ne, ƙarfe nawa ake rufewa. Ɗalibin da zai miƙa kundin bincikensa gobe da safe so yake ya ji wa ke ɗaure takardu har dare, kuma yana da wuta. Babu wanda ya taɓa zama ya rubuta wa Google "ina neman gagara gasa". Hajiyoyin turaren wuta da humra ma ba a bar su a baya ba. Nasu bayanin gaba ɗaya shi ne "a biyo ni ta akwatin saƙo", sai ka ce kuɗin kwalba sirrin gidan sarauta ne. In an yi sa'a an sa kwatance, to "bayan tiransifoma" ne, a garin da kowane layi ke da tasa. Ƙarshenta mai saye ya mayar da waya aljihu, ya tambayi mai Keke, a kai shi ƙofar shagon.

Bayan sati biyu yaron ya dawo karɓar cikon kuɗinsa, aka taru a kan waya don a ga Alhaji a Google. An same shi kuwa, can a shafi na huɗu. Kirarin duk an share. Google ya bincike shafin kaf, ya ɗauko jimla ɗaya tilo da ta yi maganar ciniki kai tsaye, wadda aka kwafo daga allon da ke rataye bisa kan Alhaji: "Ba bashi yau, sai gobe."

Alhaji ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya sake karantawa. Sannan ya dubi yaron.

"Ciko sai gobe. Kuma ka nemo mini lambar manajansu."