Tahajjudin da Ban Yi Niyya Ba

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure har ya kai ga Muwaɗɗa ya san kyanwa mai tsarki ce a mazhabar Imamu Malik, ya san yadda Abu Ƙatada ya karkata mata ruwan alwalarsa don ta sha, ya kuma san matar da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare da yunwa. Amma babin da babu malamin da ya taɓa biya mini shi ne yadda ake renon wadda uwarta ta mutu ta bar ta ido a rufe, cibiya ko faɗuwa ba ta yi ba. Irin wannan ce yara suka tsinto a bayan rumbu cikin tsakiyar hunturun Zariya, suka miƙo mini suna cewa, "Baba, ga ta, da sauran numfashi." Na karɓa saboda hadisin nan, kuma saboda mutane suna kallo.

Na kwantar da ita rigingine a tafin hannu, na ɗebo nonon saniya a cokali, sai ga maƙwabcina malamin dabbobi ya yi sallama. "Allah gafarta Malam," in ji shi, "yanka ta za ka yi ko shaƙe ta?" Nan take almajiri ya zama malami, ya zayyana mini sharuɗɗa kamar mai karanta farillan alwala: cewa nonon saniya zawo yake sa ta, cewa ba a ba ta komai sai jikinta ya yi ɗumi, domin jaririyar kyanwa ba ta iya riƙe zafin jikinta a makonnin farko, cikin da ya yi sanyi kuwa ba ya narkar da abinci, cewa a rub da ciki ake shayar da ita, in ba haka ba nonon ya zarce huhu. Ya ce akwai madarar da ake yi musamman don irinta, in ba a samu ba a lallaɓa da nonon akuya da gwaiduwar ƙwai. Muka aza ta a sikelin mai shago, ba ta wuce giram 100 ba, ya ce a kullum ana son ta ƙara kamar giram 10. Ya ba ni sirinji maras allura, ya ce ɗigo-ɗigo, duk bayan awa biyu. Na ce har da dare? Ya ce musamman da dare.

Sai da ya kai bakin zaure ya juyo ya ƙara mini wanda ya fi duka nauyi, wato ba ta iya fitsari ko bayan gida da kanta har ta kai wajen mako uku, uwarta ce ke lasar ta sannan abin ya fito, kuma yanzu ni ne uwar. Na tambaye shi cikin rawar murya ko mas'alar tana karɓar tawili, ya ce auduga da ruwan ɗumi sun isar, na yi hamdala ga Wanda ya sanya rangwame a cikin kowane wajibi.

Haka na shiga hidima, ni da ƙararrawar agogo ba ta taɓa tayar da ni ba sai uwargida ta haɗa da yayyafin ruwa. Na naɗe mata kwalbar ruwan ɗumi da tsumma, ta ƙi, ta zaɓi aljihun rigata. Uwargida tana kallona ina gwada zafin nono a bayan hannu, ta ce, "Malam, duk 'ya'yan da na haifa a gidan nan babu wanda kukansa ya taɓa katse maka minshari." Na ce wannan marainiya ce, hukuncinta daban.

Ashe liman, wanda tagarsa ke duban tawa, yana lura da fitilata a sulusin dare na ƙarshe, har wata rana bayan la'asar ya yi wa jama'a nasiha a kan ƙiyamul laili, ya ce akwai bawan Allah a unguwar nan wanda ba ya son a ambaci sunansa, yana faɗa yana dubana. Na sunkuyar da kai, aka ɗauka tawali'u ne. Wani dattijo ya kama hannuna ya ce in riƙa sa shi a addu'a, na amsa, don lalle a farke nake.

Asiri ya tonu ne a sallar asuba, ranar da magagin barci ya fito da ni da ita a aljihu: liman ya kai ƙarshen Fatiha, sahu ya ce amin, ita ma ta amsa da tata muryar, siririya mai tsawo, daidai lokacin da na ji wani ɗumi yana bin cinyata wanda bai jira auduga ba. Tun daga ranar yaran unguwa ke kirana Abu Huraira, dattijon nan kuma ya janye buƙatarsa.

Ta buɗe ido wajen kwana goma, ta fara lasar abinci a faranti da ta kai wata guda, kuma daga ranar da ta gane wanda ke riƙe da tukunyar kifi ta koma bin uwargida, ni ko kallo ban ishe ta ba. Jiya ɓera ya ratsa ta gabanta da ƙwayar gyaɗa a baki, ta ɗaga kai ta dube shi, ta koma barcinta. Uwargida ta ce kada in ga laifinta, tarbiyyar wanda ya rene ta ce.