Fuskokin da 'Yar Koyo Ke Gani

Ba a barin 'yar koyo ta taɓa fuskar kowa a watanninta na farko a shagon gyaran jiki. Nata shi ne dafa ruwa, jiƙa tawul, yagar auduga, dama kurkur da madara da zuma, sai haska fitilar waya idan an ɗauke wuta. Da yake bakinta a rufe yake, idonta a buɗe, ta fi Anti mai shago sanin halin masu zuwa.

Akwai Hajiya Ba-na-shafa-komai. Ƙa'ida ce kafin a ɗora wa mace wani haɗi a tambaye ta man da take amfani da shi. Hajiya sai ta dafe ƙirji: "Ni? Basilin kawai, 'yar nan. Hasken gidanmu ne." Alhali gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, kumatu jawur, ga jijiyoyi sun fito raɗau a gefen goshi. Man bilicin mai sitiroyid, irin wanda NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansa, yana cinye kaurin fata har ta kasa jure gurza. Anti ta gane tun daga bakin ƙofa, shi ya sa take ƙyafta wa 'yar koyo ido ta mayar da dilka ta kawo abu mai laushi. Duk da haka in fuska ta ɗau raɗaɗi, ba Anti za a harara ba. "Wannan yarinyar taki, hannu kamar na mai surfe!" Yarinyar da tawul kaɗai ta miƙo.

Sai amaryar ƙurarren lokaci. Gyaran amarya irin na Shuwa da Barebari, da dilka da halawa da turare, mako guda yake ci, wani lokaci biyu. Wannan ta zo Alhamis, ɗaurin aure Asabar, tana son ƙurajen da suka shekara uku a goshinta su tattara kayansu kafin magariba. Ita dai da sauƙi, hawaye kawai take yi tana wanke abin da aka shafa mata. Ƙawayen ne jarabawa. Su cika shago, su mamaye fanka, su cire cajar Anti su sa tasu, kowacce ta ja 'yar koyo gefe: "Ƙanwata, ragowar kwanon nan ɗan goga min mana." Gwaggon amarya kuwa tana kan tabarma da carbi, daga tasbihi sai umarni: "A ƙara mata haske, dangin ango masu sa ido ne."

Likitar TikTok ta riga ta yi wa kanta magani a gida. Ta ɗana man goge baki a kan ƙurji, ta matse lemun tsami a kumatu ta fita rana, ta ƙone. Yanzu ta zo gyara, kuma ita ke koyarwa. In aka ɗiga mata haɗin a bayan kunne aka ce a jira awa 24 a ga ko fatarta za ta karɓa, sai ta zabura: "Au, da ni za ku yi gwaji?"

Wata kuma minti 15 ɗin da ake so haɗi ya bushe ba motsi, shi ne lokacin da labarin kishiya ke taso mata. Haɗin ya tsattsage, yana zuba a baki, tana tofarwa tana ci gaba. Mai barci ce 'yar aljanna a wurin 'yar koyo: tururi na bugun fuskarta sai munshari. Hajiya Rage-min ta dubi madubi ta ce ba ta ga canji ba, a zabge mata kuɗi, ta fita ƙofar shago ta tsaya ɗaukar kanta hoto.

Bayan isha'i, ana shirin rufewa, wani yakan tsaya daga waje da hula har gira, don namiji ba ya shiga. Ƙanwarsa ce ta aiko shi sayen haɗin ƙuraje, fatarta irin tasa ce sak. 'Yar koyo ta ƙulla masa a leda ta yi masa bayani, ya biya ba tayi. Har ya juya, sai ya dawo ya rage murya: "To in akwai gemu fa, yaya ake shafawa?"