Sai Mun Gama Shafe Muke Tuna Waya

Mu dai idan za mu fitar da wajen sana'a a gida, takardar zane ba ta cikin lissafi. Maigida zai tsaya da magini bayan La'asar, ya ja layi a ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, ya ce, "Malam, daga nan zuwa nan za ka ɗora min bulo." Magini ya ce, "Alhaji, me za a riƙa yi a ciki?" Amsar ɗaya ce daga Kurna har Sheka: "Kai dai gina, Allah zai kawo." Haka tela yake yi, haka kafinta, haka mai walda, haka uwargidan da ta kwashi adashi za ta kafa injin markaɗe.

Filin hamsin da hamsin ne, ɗakuna sun riga sun cinye shi, to sai a tsaga soro, ko a juya garejin da bai taɓa ganin mota ba, ko a ɗan ciji hanya taku biyu ana addu'ar kada masu jan fenti su biyo layin. Kowa ya ciza, shi ya sa lungun da a-kori-kura ke shiga a da, yau kurar ruwa ma sai da dabara.

Ƙofa kuwa daidai kafaɗar mutum muke yin ta, injin da za a shigar bai zo mana a rai ba sai ranar da aka sauke shi. A karkata shi, a kwance masa ƙafafu, a tara samarin unguwa, daga ƙarshe a aika yaro ya aro guduma. Kafinta ya gina ɗaki ƙafa goma, katakon da yake sayowa ƙafa goma sha biyu ne, ka ga dole benci ya fito waje, aiki ya koma bakin titi, shago ya zama ɗakin ajiya. Tela kuma tagarsa tana bayansa, inuwar kansa ce ke sauka kan allura, da rana tsaka yana neman kafar zare da fitilar waya. Abin mamaki, kakanninmu masu ginin tubali sun san iskar damina daga gabas take kaɗowa, suna ƙara wa bangon gabas makuba, maƙeri kuma a buɗaɗɗiyar rumfa yake hura zuga don hayaƙi ya samu hanya. Mu jikokinsu sai mu buɗe wa gabas ƙatuwar taga, mu ɗora kwano ba silin, watan Afrilu ya zo zafi ya haura digiri 40, mu ce bana an yi rana.

Sai an gama shafe, an yi fenti, maƙwabta sun shigo sun ce Allah ya sa alheri, sannan wani ya ɗaga kai ya ce, "Af, ina wuta?" An ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kam a bakin tasha muke fafe namu. Mai wayarin ya zo ya hau sarar sabon bango, a kafa soket ɗaya tal a bayan ƙofa, daga shi a jona dutsen guga, a jona fanka, a jona rediyo, a jona cajin wayoyin rabin layi. Ya ce, "Alhaji, waya mai 1.5 ta ƙwan fitila ce, soket yana son 2.5, injin walda kuwa sai mai kauri da layinsa daban da fiyus ɗinsa." Mu ce ai duk waya waya ce, mu sayo mai araha, alhali mu ne masu cewa araha ba ta ado. Fiyus ya ƙone, mu ɗaure shi da wayar da ba za ta ƙara ƙonewa ba, wato mun cire mai gadi kenan mun kwanta. Wayar ƙasa ba mai tambayarta. Idan inji ya fara cizon hannu, sai mu sa silifas mu taka katako mu ci gaba. Mai walda ya ɗana sanda, ƙwayayen layin gaba ɗaya su lumshe, mata a cikin gida su ce Malam ya fara aiki. Sunan NEPA ya kau tun 2005, kamfanoni ke raba wuta tun 2013, amma har gobe "NEPA sun kawo" yara ke ihu. Daga 2023 da aka cire tallafin mai muka koma sola, nan ma sai an sayo faranti muke gano inuwar benen maƙwabci ce ke wuni a kan rufin.

Abu ɗaya ne ba na wasa da shi, wato janareta. Ba ma ware masa wuri tun farko, sai tsoron ɓarayi ya sa mu ja shi cikin shago mu rufe, ko mu ajiye shi a lungu ƙarƙashin tagar ɗakin yara. Iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi, barci take sa mutum, kuma gidaje sun yi makoki a kanta. Don Allah a gina masa keji a fili, nesa da taga, tun ranar da ake haƙa fandisho.

Ruwa kuma, shigowarsa muke tunawa, fitarsa sai Allah. Daɓen shago ya fi titi ƙasa, ruwan Agusta ya shigo ya yi sallama da buhunan kaya. Mai markaɗe ta wanke inji, jan ruwan tattasai ya gangara ya kwanta a ƙofar maƙwabci. Sati na farko a yi kawaici, na biyu a aiko yaro, na uku a daina amsa gaisuwa sosai, na huɗu mai unguwa ya shimfiɗa tabarma. "Haba Malam, shekara nawa kuna tare?" Sai a yi karo-karo a sayo fayif, a fasa daɓen da aka yi bara a kai ruwan kwata, mai markaɗe kuma ta yi wa matar maƙwabci markaɗen sati guda kyauta.