Wane Ya Shiga, Ya Ci

Mu a unguwarmu, in za a sayi ragon layya ba a wasa. Sai mun buɗe bakinsa mun duba haƙora, mun shafa gadon baya mun ji tsoka, mun sa an ja shi mu ga ko yana ɗingishi. Duk da haka ba ma shiga kara mu kaɗai, sai da rakiyar dattijon da ya san dabba. Fili ma haka ne, a tambayi mai unguwa, a tambayi maƙwabta ko ruwa na kwanciya da damina, a je ofishin filaye a duba takarda.

Amma da an ce kuɗi za a zuba ta waya, sai duk wannan natsuwa ta bar mu. Hujjarmu guda ce, wane ya shiga, ya ci. Da ita MMM ta kwashi jama'a, tana alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata, har ta rufe asusun mutane a Disambar 2016. Da ita kuma CBEX ta tara kuɗin bayin Allah kafin ta rushe a Afrilun 2025, alhali ko rajista ba ta da ita a hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari. Abin da ke ci mini rai, yawancin waɗanda suka ja 'yan'uwansu ciki ba macuta ba ne. An biya su ribar farko da kuɗin sabbin shiga, su kuma suka ruga da murna suka kira ƙanne da surukai.

A majalisa bayan isha'i maganar kan rabu biyu. Dattijo ya ce, "Ni fa yaro, ba na taɓa abin da ban sani ba sai na tambayi masana." Saurayi ya ɗaga waya ya ce, "Baba, ai yanzu komai yana intanet, da kaina nake bincikena."

Baba yana da gaskiyarsa, sai dai sa'o'insa ba su manta da 2008 ba. Ma'aikatan banki da dillalan hannun jari ne, masu kwat da takardun shaida, suka riƙa kwaɗaita wa mutane sayen hannun jarin bankuna, har da ba da rancen saye. Da kasuwa ta faɗi, su sun riga sun karɓi la'adarsu, mai kuɗi aka bari da bashi. Shi kuma saurayi, in ka leƙa binciken nasa, bidiyon TikTok ne na wani da ake biya a kan duk mutumin da ya yi rajista ta hannunsa.

A ganina masani ba a raba mu da shi, domin ba kowa ke iya karanta rahoton kuɗin kamfani ba. Binciken da ya hau kanmu shi ne na shi masanin kansa. Mu tambaye shi ido da ido wa ke biyansa, daga wace sana'a ribar take fitowa, kuma in mutum ya so kuɗinsa gobe ta ina zai karɓa. Sunan kamfanin kuwa ana iya duba shi a jerin masu rajista na SEC, da wayar nan da ke hannunmu.

Akwai kuma abin da muke yi mai kyau, wato zuwa wurin malam mu ji ko abu halal ne. Shi ya sa da gwamnatin tarayya ta fito da sukuk, wato takardun zuba jari marasa ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, masu gudun kuɗin ruwa suka samu ƙofar shiga. Sai dai mukan ɗora wa malam nauyin da ba nasa ba. Ya ce ciniki ya halatta, mu kuma mu tashi da cewa ya ce za a ci riba, bayan ko littafin kamfanin bai taɓa gani ba.